Tseren kwale-kwalen jami'o'i: Aikin mutum na tara da ba ya tuƙi

A kowace shekara, wajen ƙarshen watan Maris ko farkon Afrilu, dubban 'yan kallo kan yi cincirindo a gaɓar Kogin Thames da ke birnin Landan domin kallon tseren kwale-kwale tsakanin ɗaliban Jami'ar Oxford da na Jami'ar Cambridge. An fara wannan gasa a shekarar 1829, kuma a yau ana yin ta a kan tazarar kusan kilomita 6.8, daga unguwar Putney zuwa Mortlake.

Kowane kwale-kwale yana ɗauke da mutum tara. Takwas daga cikinsu ƙarfafa ne, kowa da doguwar filafilinsa. Na taran kuwa, wanda Turawa ke kira "koks", wato jagoran jirgi, yawanci ƙaramin jiki ne da shi, kuma ba ya taɓa filafili. Duk da haka, sau da yawa nasara ko faɗuwa na rataye ne a wuyansa.

Dalili shi ne, matuƙan takwas suna zaune ne sun juya wa inda za su baya. Jagoran, wanda ke zaune a gindin jirgin, shi kaɗai ke fuskantar gaba. Shi ke juya akalar jirgin ta hanyar jan wasu igiyoyi da ke haɗe da wani ɗan ƙaramin faifai a ƙarƙashin ruwa. Kowace juyawa tana rage gudu, don haka gwanin jagora shi ne wanda ya san hanya har ba ya yawan taɓa igiyar.

A Kogin Thames wannan aiki ya fi wuya, domin kogin yana da lanƙwasa uku, kuma ana yin tseren ne lokacin da ruwan teku ke turowa. Ruwa ya fi gudu a inda ya fi zurfi, saboda haka jagororin biyu kan yi ta kokawar mallakar wannan siririyar hanya, yayin da alƙalin gasa ke biye da su yana gargaɗi.

Aikinsa na biyu na baki ne. Da makirufo a bakinsa, yana sanar da matuƙan yawan bugun da suke yi a minti guda, da tazarar da ke tsakaninsu da abokan karawa, da lokacin da ya dace su ƙara ƙaimi. Idan gajiya ta fara raba kan bugunsu, muryarsa ce ke sake haɗa su.

Gasar 2012 ta nuna tsadar kuskure a wannan kujera. Bayan an dakatar da tseren saboda wani mai zanga-zanga da ya faɗa kogin, aka sake farawa, sai jiragen biyu suka gogi juna, filafilin wani matuƙin Oxford ta karye. Alƙali ya yanke cewa jirgin Oxford ne ya bar hanyarsa, ya ƙi amincewa a sake tseren, Cambridge ta lashe.

Da yake jagora kaya ne da sauran ke ja, ƙungiyoyi sun fi son marar nauyi. Domin hana wuce gona da iri, hukumar wasan ta duniya ta ƙayyade kilo 55 a matsayin mafi ƙarancin nauyi. Wanda bai kai ba sai a ƙara masa kaya a jirgi. Dokar gasar ta kuma yarda mace ta jagoranci jirgin maza. A 1981 Sue Brown ta zama mace ta farko da ta yi hakan a wannan gasa, kuma Oxford ta yi nasara a ƙarƙashinta.

Bisa al'ada, ladan jagoran da ya yi nasara shi ne abokansa su ɗaga shi su jefa cikin kogi. A 2024 an gargaɗi ƙungiyoyin su bar wannan al'ada, saboda ƙwayoyin cuta da aka gano a ruwan.