Shirley Temple: Yarinyar da Duniya ta Kalla da Darasin da Rayuwarta ke Koyarwa

Gabatarwa

Wasan kwaikwayon yara ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Duk wanda ya tashi a gari ko ƙauye ya san tashe, inda yara kan kwaikwayi manya a cikin watan azumi, a yi dariya a ba su sadaka. Sai dai tashe na 'yan kwanaki ne, kuma abin da aka samu na yaran ne. Tun daga 1990, lokacin da aka fara shirya finafinan Hausa na bidiyo a Kano, wasan kwaikwayo ya zama sana'a mai kawo kuɗi, yara ƙanana ma suka shiga cikinta. Wannan ya sa ya dace malaman makaranta da iyaye su san yadda irin wannan sana'a ta kasance ga yaran wasu ƙasashe da suka riga mu shiga harkar.

Wannan maƙala za ta duba rayuwar Shirley Temple, 'yar ƙasar Amurka wadda ta shahara a duniya tun tana da shekara shida. Abin da maƙalar ke son nunawa shi ne, shaharar ƙuruciya ba ta daɗewa, kuma dukiyar da take kawowa kan faɗa hannun manya. Abin da ya rage wa wannan baiwar Allah bayan fitilun fim sun mutu shi ne tarbiyya da karatu da sabon aikin da ta koya da girmanta.

Haihuwarta da Shigarta Fim

An haifi Shirley Temple ranar 23 ga Afrilu, 1928, a garin Santa Monica da ke jihar Kalifoniya. Mahaifinta, George Temple, ma'aikacin banki ne, mahaifiyarta Gertrude kuwa matar gida ce. Ita ce auta, tana da yayye biyu maza. A 1931, tana da shekara uku, mahaifiyarta ta sa ta a makarantar koyon rawa ta Meglin a birnin Los Angeles. A can ne wani darakta na kamfanin Educational Pictures ya gan ta, aka ɗauke ta aiki a 1932.

Aikinta na farko shi ne wasu gajerun finafinai da ake kira Baby Burlesks, inda ake sa yara 'yan shekara uku zuwa biyar su kwaikwayi manyan 'yan wasa, suna sanye da nafkin na jarirai. A littafin tarihin rayuwarta mai suna Child Star, wanda ya fito a 1988, ta bayyana irin horon da ake yi wa yaran: wanda ya yi rashin ji sai a kulle shi a cikin wani akwati mai duhu, babu wurin zama sai kan ƙanƙara. Wannan ya nuna cewa tun daga ranar farko aiki take yi irin na manya, ko da yake masu kallo wasa suke gani.

Shekarun Shahara

Domin a fahimci dalilin shaharar wannan yarinya, dole a dubi halin da Amurka ke ciki a wancan lokaci. A 1929 tattalin arzikin ƙasar ya karye, bankuna da masana'antu da yawa suka rufe. Zuwa 1933 kusan mutum ɗaya cikin kowane huɗu na ma'aikata ba shi da aikin yi. Gidan silima ne wurin da talaka ke iya shiga da 'yan kuɗi kaɗan ya manta da damuwarsa na awa ɗaya ko biyu.

A ƙarshen 1933 kamfanin Fox ya ɗauke ta a kan dala 150 a mako. A 1934 ta fito a Stand Up and Cheer! da Little Miss Marker da Bright Eyes, kafin shekarar ta ƙare sunanta ya game ƙasa. Aka ɗaga albashinta zuwa dala 1,000 a mako, mahaifiyarta kuma ana biyanta dala 250 domin kula da ita da gyaran gashinta, wanda take nannaɗewa gida 56. A watan Fabrairu na 1935 aka ba ta lambar yabo ta Oscar ta musamman domin yara, ita ce ta farko da ta samu irinta, tana da shekara shida. Shekara huɗu a jere, daga 1935 zuwa 1938, babu ɗan wasan da ya kai ta jawo 'yan kallo a Amurka, har da manya irin su Clark Gable.

Labaran finafinanta kusan iri ɗaya ne. Sau da yawa takan fito a matsayin marainiya ko 'yar talakawa, wadda fara'arta ke tausasa zuciyar wani tsoho mai tsanani, ko ta sasanta dangin da suka ɓata. Haka abin yake a Curly Top na 1935 da Heidi na 1937 da The Little Princess na 1939. Shugaban kamfanin, Darryl F. Zanuck, ya ware marubuta na musamman waɗanda ba su da aiki sai neman labarin da zai dace da ita. Kamfanin yana cikin matsalar kuɗi a farkon shekarun nan, kuma ribar finafinanta na daga cikin abin da ya tsamo shi. Bayan fim, an yi ta sayar da 'yartsana mai kama da ita da riguna da kofuna masu ɗauke da hotonta.

Wani abu da tarihi ya riƙe shi ne rawar da ta yi da Bill Robinson, baƙar fata gwanin rawar buga ƙafa, a kan matakalar bene a fim ɗin The Little Colonel na 1935. A lokacin ana nuna wariyar launin fata a fili a kudancin Amurka, har wasu gidajen silima na can suka yanke wurin da suka riƙe hannun juna. Sun yi finafinai huɗu tare, kuma har ƙarshen rayuwarta tana ambatonsa da alheri a matsayin malaminta.

Abin da Shahara ta Ci

A cikin waɗannan shekaru Shirley ba ta zauna a aji da sauran yara ba. A harabar kamfani take karatu, da malama guda, a tsakanin ɗaukar hoto. Masu gadi ne ke raka ta saboda tsoron masu satar mutane. Har shekarunta ma ba a bar mata ba: an rage mata shekara ɗaya a takardar haihuwa domin ta daɗe a matsayin ƙaramar yarinya, kuma ba ta san gaskiya ba sai ranar da take zaton ta cika shekara 12, aka gaya mata 13 ta cika.

Hausawa na cewa kowane allazi da nasa amanu. Jarin Shirley ƙuruciya ce, ita kuwa ƙuruciya ba ta tsayawa. A 1940 finafinanta biyu, The Blue Bird da Young People, ba su yi kasuwa ba, sai ta rabu da Fox tana da shekara 12. Iyayenta suka sa ta a makarantar 'yan mata ta Westlake, inda ta zauna a aji kamar kowa har ta gama a 1945. Ta ci gaba da fitowa a wasu finafinai, kamar Since You Went Away na 1944 da Fort Apache na 1948, amma jama'ar da suka so ta tana yarinya ba su karɓe ta tana budurwa kamar da ba. A 1945, tana da shekara 17, ta auri John Agar, suka haifi 'ya ɗaya, auren bai yi ƙarko ba. A watan Disamba na 1950 ta auri Charles Black, ta kuma sanar da barin fim tana da shekara 22. Wannan aure na biyu ya kai shekara 54, har rasuwar mijin a 2005.

Bayan auren ne ta nemi sanin abin da aka ajiye mata. Bisa ga abin da ta rubuta da kanta, ta samu fiye da dala miliyan 3 a aikinta, amma dala 44,000 kawai ta tarar a asusunta. Sauran ya tafi a hidimar gida da ɗawainiyar dangi da bashin da ba a biya ba da kuma kasuwancin mahaifinta da bai yi riba ba. Ba ta kai shi ƙara ba, ta zaɓi ta yafe. Ba ita ce ta farko ba. Jackie Coogan, yaron da ya fito tare da Charlie Chaplin a The Kid a 1921, ya kai mahaifiyarsa da mijinta ƙara a 1938 a kan dukiyarsa da suka cinye. Wannan shari'a ce ta sa jihar Kalifoniya ta kafa doka a 1939 domin kare kuɗin yara 'yan wasa. Dokar ta fito da giɓi mai yawa, sai daga shekara ta 2000 ne aka wajabta ajiye kashi 15 cikin ɗari na abin da yaro ya samu a asusun da ba mai taɓawa sai ya girma.

Rayuwa ta Biyu: Siyasa da Jakadanci

Da yawa daga cikin yaran da suka yi irin wannan suna ba su wanye lafiya ba. Judy Garland, wadda ta yi zamani da ita, ta saba da ƙwayoyi tun tana yarinya a wurin aiki, ta rasu a 1969 tana da shekara 47. Shirley Temple Black, kamar yadda aka riƙa kiranta bayan aure, ta bi wata hanya dabam. Ta zauna ta reni 'ya'yanta uku, ta gabatar da shirin tatsuniyoyi na yara a talabijin daga 1958 zuwa 1961, sannan ta shiga aikin taimakon jama'a. Wani yayanta ya kamu da wata cuta mai lalata jijiyoyin laka da ƙwaƙwalwa, sai ta shiga ƙungiyoyin da ke yaƙi da cutar. Wannan aiki ne ya kai ta birnin Prague a watan Agusta na 1968, ta kuma ga shigowar tankokin yaƙin Tarayyar Sobiyat ƙasar Chekoslobakiya da idonta.

A 1967 ta tsaya takarar majalisar wakilai ta Amurka a jam'iyyar Republican, ta sha kaye a hannun Pete McCloskey. Faɗuwar ba ta hana ta ci gaba ba. A 1969 Shugaba Richard Nixon ya sa ta cikin wakilan Amurka a babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya. A 1972 aka yi mata aikin sankarar mama, ta fito ta faɗa wa duniya, a lokacin da mata ke ɓoye wannan ciwo saboda kunya. Ta yi kira ga mata su riƙa zuwa asibiti da wuri, kuma tana cikin fitattun mata na farko da suka yi haka.

A 1974 Shugaba Gerald Ford ya naɗa ta jakadiyar Amurka a Gana, zamanin mulkin soja na Ignatius Acheampong. Wasu tsofaffin ma'aikatan jakadanci sun yi ƙorafi, suna ganin ladan siyasa aka ba tsohuwar 'yar fim. Ta yi aiki a Akara har 1976, ta mai da hankali a kan harkar ciniki da ziyartar jama'a, har mutanen Oguaa, wato yankin Cape Coast, suka ba ta sarautar girmamawa. Daga 1976 zuwa farkon 1977 ta shugabanci sashen karɓar manyan baƙi na gwamnatin Amurka, ita ce mace ta farko a wannan muƙami. A 1989 Shugaba George H. W. Bush ya tura ta jakadiya a Chekoslobakiya. 'Yan watanni da isarta mulkin kwaminis ya faɗi ba tare da yaƙi ba, Václav Havel ya zama shugaban ƙasa. Ta riƙe muƙamin har 1992. Idan aka lissafa, shekarun da ta yi a aikin hukuma sun fi waɗanda ta yi a fim yawa. Ta rasu ranar 10 ga Fabrairu, 2014, a gidanta da ke Woodside, Kalifoniya, tana da shekara 85.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a iya fitar da darussa uku. Na farko, yaron da ke fitowa a fim ma'aikaci ne, yana da haƙƙin hutu da kariya daga muzgunawa, ko da manya na ganin wasa yake yi. Na biyu, kuɗin da ya samu amana ce a hannun iyaye, kuma tarihin Shirley da na Coogan sun nuna cewa soyayyar iyaye kaɗai ba ta isa ta tsare amanar ba sai da rubutacciyar yarjejeniya da doka mai ƙarfi. Na uku, ranar da murya ta canza ko jiki ya girma, kasuwa za ta nemi wani yaron. Shekaru biyar da Shirley ta yi a makarantar Westlake sun koya mata zama da mutane a matsayin ɗaya daga cikinsu, abin da ya taimake ta lokacin da 'yan kallo suka juya baya.

Saboda haka, malamin da ke da ɗalibi mai fitowa a finafinai ko a bidiyon wayar hannu, ya kamata ya lura da zuwansa makaranta da sakamakon jarrabawarsa, ya kuma zauna da iyayensa idan ya ga ya fara ja da baya. Dattawan gida su ma suna da haƙƙin tambaya: nawa aka biya yaron, ina aka ajiye, kuma ƙarfe nawa yake dawowa gida? Hukumomin da ke sa ido a kan finafinai, irin Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano da aka kafa a 2001, su ne suka fi dacewa su tabbatar da cewa an amsa waɗannan tambayoyi kafin a ɗora wa yaro kyamara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.