Matsayin Magungunan Buɗe Hanyoyin Iska Masu Dogon Aiki a Jinyar Cutar Buronkiyektasis

1.0 Gabatarwa

Likitan nan ɗan ƙasar Faransa, René Laennec, shi ne ya fara bayyana cutar buronkiyektasis a shekarar 1819. Cuta ce da hanyoyin iska na huhu ke lalacewa, su saki, su yi faɗi, ba kuwa za su koma yadda suke ba. Majina takan taru a cikinsu, ƙwayoyin cuta su hayayyafa, sai tari da kaki mai yawa su zame wa majinyaci jiki. Tarin fuka da ƙyanda da tarin shiƙa suna cikin musabbabanta, don haka Nijeriya, inda tarin fuka ya yawaita, batun ya shafe ta. Wannan maƙala za ta duba matsayin magungunan shaƙa masu dogon aiki a jinyar cutar.

2.0 Yadda Magungunan Ke Aiki

Magungunan kashi biyu ne. Na farko, kamar salmeterol da formoterol, suna sa tsokar da ta kewaye hanyar iska ta saki, kuma aikinsu yakan kai awa 12. Na biyu, kamar tiotropium, suna tare saƙon jijiya mai sa tsokar ta tsuke, har tsawon awa 24.

Mai karatu zai iya tambaya: ina amfanin buɗe hanyar da ta riga ta yi faɗi? Amsa ita ce, yayin da manyan hanyoyi suka buɗe, ƙananan cikin huhu sukan ƙuntace saboda kumburi da majina, abin da ke jawo haki. A nan ne maganin ke iya kawo sauƙi.

3.0 Iyakar Amfaninsu

A shekarar 2017, Ƙungiyar Masana Cututtukan Numfashi ta Turai ta ba da shawarar kada a riƙa ba kowane majinyaci waɗannan magunguna, domin hujjar amfaninsu ba ta da ƙarfi. Sai dai a gwada su ga mai fama da haki, a kuma ci gaba da ba wanda ya haɗa cutar da asma.

4.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa magungunan sauƙin numfashi suke kawowa, ba sa gyara hanyar da ta lalace. Ginshiƙin jinya shi ne fitar da majina kullum da yaƙar ƙwayoyin cuta. Majinyacin da ya ji daɗin abin shaƙa ya bar waɗannan, ya saki reshe ya kama ganye.