Ko Kun Sani? Injin Tururi da Huɗar Gona a Ingila

Injinan tururi da suka fara huɗa a gonakin Ingila, wato waɗanda ƙarfin tururin tafasasshen ruwa ke juya su, galibi ba sa shiga cikin gona su ja garma kamar taraktar yau, domin nauyin tukunyarsu ta ƙarfe da kwal da ruwan da suke ɗauke da su yakan sa su nutse a ƙasa mai laushi. A tsarin da John Fowler ya ƙirƙiro, injin yana tsayawa a bakin gona yana naɗe doguwar igiyar ƙarfe wadda ke janyo garmar, kuma wannan dabara ce ta ba shi kyautar fam 500 daga Ƙungiyar Noma ta Masarautar Ingila a shekarar 1858. Daga baya aka riƙa ajiye injina biyu suna fuskantar juna, kowanne yana janyo garmar zuwa ɓangarensa, ita kuma tana da bakuna gaba da baya, saboda haka ba a bukatar juya ta a ƙarshen kunya.