Keken Gurgu da Sandar Makaho a Lungunan Birnin Kano

Duk wanda ya tsaya a bakin Kasuwar Kurmi da hantsi, ko a ƙofar Babban Masallaci ran Jumma'a, ba zai rasa ganin gurgu bisa keke mai ƙafa uku ba, ko makaho da sandarsa yana laluben bakin kwata. Mun saba ganinsu har mun daina kula. An rubuta wannan takarda ne domin Hakimai da malamansu, gama akwai kashi babba na wannan al'amari wanda ya ke a hannunsu, ba a hannun likita ba.

Ba yau Kano ta fara shirya wa naƙasassu ba. Akwai Sarkin Makafi, da Sarkin Kutare, da Sarkin Guragu, kowanne da jama'arsa. Abin da ya ke sabo shi ne kayan da mutum zai kai kansa inda ya ke so, ba sai an ɗauke shi ba.

Bari mu fara da keke. Da yawa daga masu hawansa cutar shan inna ce ta kama su tun suna ƙanana. A shekarar 2003 aka dakatar da rigakafinta a Kano saboda zargi, ba a koma ba sai 2004, cutar kuwa ta sami fili. Yaro na ƙarshe da asalin cutar ta kama a jihar nan a Sumaila ne, cikin 2014, kuma a 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ita. To, amma waɗanda ta riga ta shanye wa ƙafafu suna nan, yanzu magidanta ne da matan aure. Dā rarrafe su ke yi da silifa a hannu, cikin ƙura da caɓi. Sai waɗansunsu, irin su Malam Aminu Ahmed Tudun Wada da ƙungiyarsu, suka kama ƙera keke da kansu. Bututun ƙarfe a ke yi wa walda, a sa tayoyin keke uku, sa'an nan a ɗago feda zuwa daidai ƙirji, sarƙa ta haɗa ta da tayar gaba. Da hannu a ke murzawa, da shi a ke juya kai.

A ganina wannan keke ya fi kujerar nan mai taya da a kan kawo daga Turai dacewa da birni. An yi kujerar ne domin daɓen asibiti, ƙananan tayoyinta na gaba yashi kaɗan ya ke kafe su, in kuwa ta lalace sai a jingine ta a zaure. Namu kuwa kowane mai faci da mai gyaran keke ya san kansa. Saboda haka idan mai arziki ya zo wa Hakimi da niyyar rabon kekuna, ya kamata a fara tambayarsa, in ya karye wa zai gyara?

Amma keke kome kyaunsa ba ya tashi sama. Lungunan cikin birni an yi su ne domin mai ƙafa da jaki. Ga kwata a buɗe, ga wanda ya ƙara dakali ya ci rabin hanya, ga mai gini ya zube yashi wata uku. Ni kaina na ga wani gurgu ya bar kekensa a bakin wani lungu, ya rarrafa sauran tafiyar zuwa gida, don kwata guda da faɗinta bai kai kamu ɗaya ba. Katako biyu sun isa su raba shi da wannan wahala. Makaho ma haka ne. Sanda tana gaya masa abin da ke ƙasa, hanya kuwa ya haddace ta, ramin da aka haƙa jiya ba a rufe ba shi ke kā da shi. Inda hanya ta gyaru, ɗan jagora sai ya sami zuwa makaranta.

Sauran kayan na asibiti ne. Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe a 1959, yana yin ƙafar roba da takalmin ƙarfe. A gaya wa iyaye yaro girma ya ke yi, ƙarfe kuwa ba ya girma, lalle a riƙa komawa ana sake awo, in ba haka ba ya ji masa ciwo. Wanda kuturta ta taɓa ƙafarsa ba ya jin ƙaya ko ƙusa, shi ya sa takalmi mai taushin ciki da taurin ƙasa ya zama masa wajibi. Tsoho mai yanar ido kuwa kada a yi hanzarin ba shi sanda, a kai shi asibitin ido, sau da yawa aiki kaɗan a ke yi ya gani. Yara makafi da kurame akwai makarantarsu a Tudun Maliki, inda makaho ke koyon karatu da yatsa bisa ɗigo shida na rubutun Braille.

A watan Janairu 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana wariya ga naƙasassu, wadda ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su yi hanyar da keke zai hau. Wa'adin ya cika. Ya kyautu kowane Hakimi ya fara duba matakalar ƙofar ofishinsa. Malamai kuma su bi ta hannun masu unguwa da sarakunan naƙasassu su rubuta wane ne ke bukatar keke, wane ne nasa ya lalace, da kowace kwata da ke son murfi, a aika wa Ƙaramar Hukuma kafin ruwa ya sauka.