Tankin Murjani A Falo: Lissafin Kayan Aiki Kafin Ka Sayi Kifi Ko Ɗaya



Yau za mu ɗan ajiye maganar tarwada da kaji, mu leƙa ɓangaren kifin ado na ruwan gishiri. Da yawanku kun sha ganin bidiyon manyan tankunan gilashi masu shuɗin haske, kifaye kala-kala suna yawo a tsakanin wasu halittu masu kama da furanni. Waɗannan halittu su ne murjani mai rai, dangin jan murjanin nan da iyayenmu mata suke ado da shi. Abin yana da kyau ƙwarai, amma yana cin kuɗi, kuma ba ya yafe sakaci. Tarwada za ta jure ruwa mai datti na kwana biyu ta rayu, saboda tana iya shaƙar iska daga sama. Murjani kuwa dare ɗaya ya ishe shi mutuwa.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, mai tankin murjani ruwa yake kiwo. Idan ruwan ya zauna a yanayi ɗaya ba ya canzawa, kifi da murjani za su rayu da kansu. Don haka ana jera kayan aiki ne bisa abin da ya fi saurin kisa. Turawan da ke yin bidiyon nan suna fara lissafi da fitila, domin ba su da matsalar wuta kuma ƙasarsu da sanyi. Mu namu jerin daban ne. Zan yi misali da tanki mai tsawon santimita 150, faɗi 60, tsayi 60, wato lita 540.

1. Inda za a ajiye shi

Lita ɗaya ta ruwan teku ta ɗan haura kilo ɗaya. Ruwan wannan tanki kaɗai ya kai kilo 550. Ka haɗa da gilashi mai kaurin milimita 12, duwatsu, yashi, da ƙaramin tankin da ke zama a ƙarƙashi, za ka wuce kilo 700 cikin sauƙi. Kamar ka jibge buhun masara bakwai ne a wuri ɗaya, kuma ba za ka sake matsar da shi ba. Saboda haka sai daɓen siminti mai ƙwari, a miƙe sak ba karkata, nesa da tagar da rana ke bugawa. Idan teburin na ƙarfe ne, a yi masa fenti mai hana tsatsa, don gishiri ba ya barin ƙarfe lafiya.

2. Wutar lantarki

Nan ne gizo ke saƙar. Ruwan gishiri bai kai ruwan daɗi riƙe iskar oksijin ba, kuma idan ya yi ɗumi abin yana ƙara raguwa. Da zarar famfuna sun tsaya, cikin 'yan sa'o'i kifi zai fara haki. To mu da ake ɗauke mana wuta ba sallama, dole inbata da batir su zo kafin komai.

Ga lissafin. Kayan da ba a kashe su ko na minti ɗaya su ne famfon da ke mayar da ruwa sama, wajen wat 50, famfunan kaɗa ruwa guda biyu, wajen wat 40, da injin kumfa, wajen wat 25. Jimla wat 115, wato kusan yunit 2.8 a kowace rana. Batir mai bolt 12 da amf 200 yana ɗaukar yunit 2.4, amma idan irin na ruwa ne, rabi kawai ya kamata ka ja don kada ya mutu da wuri. Kenan batir ɗaya zai riƙe ka kamar sa'a 10, kuma ba mu sa fitila da injin sanyaya ruwa ba. Ka ga kenan ba maganar batir ɗaya ba ce, sai an haɗa da sola ko janareta. Shawarata, ka raba layi biyu: kayan ceton rai a kan inbata, sauran a kan layin gida.

3. Zafi

Murjani yana son ruwa tsakanin digiri 24 zuwa 27. A cikin jikinsa akwai wata ƙaramar gansakuka da ke haɗa masa abinci daga haske. Idan zafi ya haura abin da ya saba da digiri ɗaya ko biyu na tsawon makonni, sai ya kore ta, ya yi fari fat, yunwa ta kashe shi. Haka ya faru da babban yankin murjanin Ostireliya a 2016 da 2017, a cikin teku ma kenan. To ina ga tanki a Kano, Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40?

Saboda haka injin sanyaya ruwa wajibi ne a wurinmu, ko kuma ɗakin ya kasance da AC dare da rana. Injin yana iya jan wat 300 zuwa sama, kuma zafin da ya cire daga ruwa a ɗakin yake zubar da shi, don haka kada a kulle shi cikin durowa. Fanka mai hura saman ruwa tana rage digiri ɗaya ko biyu, amma ba za ta iya da bazara ita kaɗai ba. Ka tanadi ƙaramar hita ma saboda daren hunturu.

4. Ruwa da gishiri

Ruwan rijiya, na burtsatse ko na famfo duk ba sa yi kai tsaye. Ana tace ruwan da matatar da ake kira RO/DI har ma'aunin TDS ya nuna sifili. Matatar tana zubar da kamar lita 3 zuwa 4 kafin ta ba ka lita ɗaya mai kyau. Kada ka yi asarar wannan ragowar, ka juya ta lambu ko wanki.

Gishirin ma ba na miya ba ne. Akwai na musamman da aka haɗa da kalsiyum, magniziyum da sauran ma'adinan teku. Ana son kusan giram 35 a kowace lita, ma'aunin gishiri ya nuna 1.025 zuwa 1.026. Cikon farko zai ci kusan kilo 20. Bayan nan za ka riƙa canza kashi 10 cikin 100 na ruwan duk mako ɗaya ko biyu, kowane canji kusan kilo 2. Daga waje ake kawo shi, farashinsa dala yake bi, don haka ka tabbatar da inda za ka riƙa samu kafin ka fara.

Wani abu kuma: ruwa yana tashi ya bi iska, gishiri ba ya tashi. Da hunturu za ka ga tankin yana raguwa kullum. Da tataccen ruwa zalla ake cikawa, ba da na gishiri ba. Akwai ƙaramar na'ura mai yin wannan cikon da kanta, kuma ta cancanci kuɗinta.

5. Motsin ruwa da tacewa

Murjani ba ya tafiya, ruwa ne ke kawo masa abinci ya kwashe masa ƙazanta. Famfunan kaɗa ruwa su iya juya aƙalla ninki 20 na ruwan tankin a sa'a, wato wajen lita 11,000. Gara ƙanana biyu da babba ɗaya, don idan ɗaya ya lalace ɗaya na aiki.

Tankin ƙasa kuwa nan ake ɓoye injin kumfa, wanda ke haɗa ruwa da iska ya kwaso datti cikin kumfa kafin ya ruɓe. Famfon da ke mayar da ruwa sama ya kai kamar lita 2,700 a sa'a. Ku kula da wannan sosai: duk lokacin da aka ɗauke wuta, wani ɓangare na ruwan sama yana gangarowa tankin ƙasa. Idan ka cika shi maƙil, falonka ne zai sha. Ka bar masa sarari, kuma ka gwada ta hanyar kashe famfon da hannunka kana tsaye. Bututu duk na roba za a sa. Jan ƙarfe da tagulla guba ne ga murjani, ko ɗan kaɗan ne.

6. Fitila da kayan gwaji

Sai yanzu muka zo kan fitila. LED ta musamman ake sawa mai yawan shuɗi, sa'a 8 zuwa 10 a rana. Tanki mai wannan tsawo zai buƙaci biyu ko uku. Ka haɗa da kayan gwajin amoniya, naitaret, kalsiyum da alkali. Ana son kalsiyum tsakanin 400 zuwa 450, alkali kuma 7 zuwa 11 a ma'aunin dKH.

7. Kifi da murjani, a ƙarshe

Bayan an haɗa komai, tankin zai yi mako 4 zuwa 6 yana aiki ba kifi, har ƙwayoyin bakteriya masu cinye amoniya su zauna a jikin duwatsu. Masu kiwon tarwada da tsarin juya ruwa sun san wannan. Kuma kamar yadda ba ma haɗa sababbin kaji da tsofaffi rana ɗaya, nan ma sai da ƙaramin tankin killacewa.

Gaɓar tekunmu ba ta da irin wannan murjani, saboda laka da ruwan daɗin da koguna ke zubawa. Daga ƙasashe irin su Indonesiya da Ostireliya ake fito da shi, kuma murjani mai tauri yana cikin halittun da yarjejeniyar CITES ta sa wa ido, sai da takardar izini. Ka tambayi mai sayarwa takardunsa.

To wa ya kamata ya shiga?

Maganar gaskiya, idan jarinka na fara noma ne, ba nan za ka kai shi ba. Kuɗin wannan tanki ɗaya zai kafa maka kiwon tarwada da za ka fara girba cikin wata huɗu zuwa shida, shi kuwa tankin murjani kullum karɓa yake yi. Inda kuɗi yake a harkar shi ne haɗawa da kula da tankunan otal-otal, ofisoshi da gidajen masu hali, kuma ba wanda zai damƙa maka wannan amana sai ya ga aikinka. Ka fara da kifin ado na ruwan daɗi, ka koyi gwajin ruwa. Daga nan ka gwada ƙaramin tankin gishiri mai kifi kawai, sannan murjani mai laushi wanda ya fi juriya.

Kafin ka biya ko sisi, ɗauki takarda ka rubuta kayan nan bi da bi, kowanne da farashinsa da wat ɗinsa, ka ƙara kuɗin gishiri da wuta na shekara guda. Idan lissafin ya tsaya a lamba 2 ko 3, ka dakata tukuna. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Allah ya sa albarka a nemanmu.