Idan Mota Ta Ƙi Gane Makullinta

Yawancin motocin Golf da Sharon da ke jigila tsakanin Gazara, Makarfi, Hunkuyi da Zariya 'yan Kwatano ne, sun gama aiki a Turai kafin su iso nan. Tun 1998 Jamus da Ingila suka wajabta sanya wa sabbin motoci na'urar hana sata, shi ya sa motocin suka zo mana da ita ba tare da an yi wa direba bayani ba. Sai ran da ya murɗa makulli, kik na juyawa, inji ya ƙi kamawa, ko ya tashi ya mutu nan take, wata 'yar fitila tana ta ƙyaftawa a gaban sitiyari.

A cikin robar kan makullin akwai ɗan ƙwaya wanda bai fi ƙwayar shinkafa girma sosai ba, kuma ba ya amfani da batir. Wani zoben waya da ke kewaye da ramin makulli ne ke ba shi wuta ta iska, ya karɓi lambar sirrinsa. In lambar ta dace, sai ƙwaƙwalwar mota, wadda bakanikai ke kira birenbos, ta saki mai da wuta.

Abin da ke damuna shi ne saurin yanke hukunci cewa birenbos ya ƙone. Sau da yawa matsalar ba ta kai nan ba: batir ya yi sanyi, fis ya tsinke, zoben ya saki, ko kan makulli ya fashe ƙwayar ta faɗi. Makullin da aka yanko a kasuwa zai buɗe ƙofa, amma ba zai tayar da inji ba. A fara da waɗannan, sannan a jona na'urar bincike.

In da gaske birenbos ɗin ne ya lalace, sayo wani a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano bai wadatar ba, domin na gwanjon makullin wata mota ya sani. Wata hanya ita ce a kwafo bayanan tsohon a zuba masa. A nan ake ɓarna. Umarnin da kamfani ya rubuta a cikin babbar ƙwayar birenbos wani lokaci a kulle yake, kuma a wasu nau'o'in, cire kullen na goge komai. Lambobin makulli kuwa sau da yawa a wani ƙaramin ma'aji suke, mai ƙafa takwas. Gwani zai karanta shi sau biyu, ya tabbata sun yi daidai, ya adana a kwamfuta kafin ya rubuta ko harafi ɗaya.

Masu cewa a tsallake na'urar hana satar gaba ɗaya ɓarawo suke yi wa hidima. Direba, ka yi makulli na biyu tun na farko yana aiki. Mai gyara kuma kada ya kwafi makullin kowa sai ya ga takardun mota.