Daga Asusun Tata Zuwa Raƙuma 20

'Yan'uwana mata, yau filin namu na masu sana'a ne. A ƙasarmu ta Yankwashi, har Roni da Gwiwa da Babura da cikin garin Kazaure, da wuya ki shiga gida ba ki tarar da wata sana'a ba. Wannan tana matsar man gyaɗa tana suyar ƙuli-ƙuli, waccan tana daddawa, wata kuwa 'yan awaki ta ke kiwo. Kowace a cikinsu shugaba ce ko ba ta sani ba, gama tana da jari, tana da masu yi mata aiki, watau 'ya'yanta da ƙannenta, kuma ita ce mai cewa a yi ko a bari. Abin da ke damuna shi ne, mace sai ta shekara 20 tana wannan wahala, amma jarin nan bai ƙaru da ko mudu guda ba. Galibi ba lalaci ke jawo haka ba, sai dai ba ta taɓa zama ta yanke inda ta ke so sana'ar ta kai ta ba.

Bari mu duba wani attajiri wanda ya san inda ya dosa, Alhaji Alhassan Ɗantata. Kada ku ce wannan zancen maza ne, domin mata biyu ne tushensa.

An haife shi a Bebeji cikin 1877. Mahaifinsa Abdullahi bafatake ne daga cikin Agalawa, ya rasu yaron bai kai shekara 10 ba. Mahaifiyarsa Amarya ita ma gawurtacciyar 'yar kasuwa ce, ta tafi Ankara, a ƙasar Gana ta yau, ta bar shi hannun wata tsohuwa ta gidan mai suna Tata. Daga nan sunan ya samo asali. Ita ce ta hore shi da tattali, har ya saba da jefa ɗan abin da ya samu cikin asusu tun yana almajiri. Ku lura, darasin farko na wanda ya zama babban attajirin Afirka ta Yamma a zamaninsa, a ɗakin tsohuwa aka koya shi.

Da ya girma ya shiga fataucin goro daga Gwanja. A wancan zamani ayari ya kan yi watanni a hanya, da jakuna da 'yan alaro, ga mahara, ga goro yana lalacewa. Shi kuwa yana cikin fatake na farko da suka riƙa ɗora goronsu a jirgin ruwa zuwa Ikko. Da aka buɗe hanyar jirgin ƙasa zuwa Kano cikin 1912, sai Turawa suka yi ta neman gyaɗa ruwa a jallo, cikin 1918 kuwa ya zama mai saya wa Kamfanin Neja. Bai tsaya jiran manoma su kawo masa ba. Ya ba yaransa kuɗi suka bazu cikin ƙauyuka suna saye, shekara bayan shekara, har buhuna suka taru aka yi ta jera dalar gyaɗa a Kano, dala guda ta kan ci buhu wajen 15,000. Wanda zai ba yaro kuɗi ya tura shi ƙauye mai nisa, tilas ya san halin yaron, kuma ya riƙe shi riƙon da ba zai so ya ci amana ba. (Af, ita dai gyaɗar nan mata ne suka ɓare ta a tsakar gida, ciki har da kakanninmu na nan ƙasar Kazaure, amma ban taɓa jin an ambace su cikin labarin dala ba.)

Cikin 1929, sa'ad da aka buɗe banki a Kano, ya kai ajiyar kuɗin azurfa kayan raƙuma 20. Mutane sun fi son wannan labari saboda raƙuman. Ni kuwa abin da na ke gani a ciki, mutum ne wanda ya shekara fiye da 30 bai yarda hannunsa ya taɓa uwar kuɗi ba.

Da ciwon ajali ya kama shi cikin 1955, ya tara 'ya'yansa ya yi musu wasiyya su haɗa kai, kada su wargaza kamfanin. Amfanin wannan ya bayyana daga baya. Fari ya zo cikin 1973, cuta ta kashe gyaɗa cikin 1975, dala ta ɓace daga Kano, amma gidan bai faɗi ba, domin tuni ya shiga gine-gine da sauran harkoki. Jikarsa Hajiya Mariya Sanusi Ɗantata ita ce mahaifiyar Alhaji Aliko Ɗangote, wanda aka buɗe matatar mansa a Ikko cikin 2023.

To, ke mai ƙuli-ƙuli, ba cewa na yi ki tara dala ba. Amma ki yanke wa kanki abu guda, ki sa masa lokaci: nan da shekara 3 ina so in mallaki injin niƙa nawa, ko in iya sayen buhu 2 na gyaɗa da kaka, lokacin da ta ke araha, in daina awon mudu-mudu da bazara da tsada. In kin yanke haka, sai ki ga kin sami bakin cewa a'a. Mun san masu cinye jarin mata: bikin 'yar ƙawa, ankon suna, gudummawar kece raini, da bashin da a ke jin kunyar tambaya. Zumunci wajibi ne, amma daga riba a ke yinsa. Kwasar adashe ma, in ba a shirya mata wurin zuwa ba tun kafin ta zo, kwana 3 ba ta yi a hannu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne zancen talla. Uwa ta hana yarinya makaranta don ta zaga da faranti, ta samo abin da bai kai kuɗin sabulu ba. Cinikin yini guda ke nan aka saya da shekarun yarinya. Alhali in ta iya karatu da lissafi, ita ce za ta zama akawunki na kyauta, wanda ba zai cuce ki ba.

Ku kuma 'yan makaranta, ga aikinku. Ku sami littafin rubutu guda, ku ja layi a tsakiyar shafi. Kowace yamma ku zauna kusa da Inna, ku rubuta abin da ta kashe a hannun hagu, gyaɗa da itace da kuɗin niƙa, abin da ya shigo kuma a hannun dama, har da wanda aka ci bashi da sunan mai bashin. In wata ya cika ku haɗa, ku karanta mata. Mai son ta aiko mana da abin da lissafin ya nuna, filin nan a buɗe ya ke, ba kuwa za mu buga sunan kowa ba.